Kogin lantarkin da ke saman Zariya: kundin aikin awo

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

Yau na rataye maganaɗisu na farko a tsohon ɗakin ajiya na makarantarmu, a bayan garin Zariya. Kwalba ce mai faɗin baki, irin ta alewa. Na huda murfin na zura zaren fatsa guda ɗaya, na ɗaure ɗan sandan maganaɗisu a ƙasa, na manna masa guntun madubi da bai kai farcen babban yatsa ba. Tocilan leza na haska madubin, hasken ya dawo ya faɗa kan takardar giraf da muka liƙa a bango, tazarar mita 3. Ɗalibai huɗu 'yan babbar sakandare sun yarda za su riƙa yi wa jan ɗigon alama da fensir duk bayan rabin awa, daga safe zuwa la'asar.

Shekara da shekaru ina zana duniya a allo, in zagaye ta da layuka, in ce ƙarfin maganaɗisunta daga narkakken ƙarfen da ke ciki yake fitowa, kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafarmu. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. A yankinmu ƙarfin ya kai nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 33,000 da 'yan kai, kusan dukansa daga cikin ƙasa. Akwai kuma ɗan ragowa daga sama, wanda a ranar lafiya bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma shi ne mai ƙiriniya: ya hau da hantsi, ya sauka da yamma, wani lokaci ya birkice cikin minti biyu. Wani maƙerin agogo a Landan, George Graham, ya lura da wannan kai da kawo na allurar kamfas tun 1722.

Mu kuwa Allah ya ajiye mu a inda ya fi ko'ina daɗin kallo. Ikwaitar maganaɗisu, wato layin da allura ke kwanciya sambal, ba ta sunkuya ba ta ɗaga kai, ba ta bin ikwaitar taswira. A nan Afirka ta Yamma wajen digiri 11 arewa ta ratsa, kusan ta kanmu. A samanta, tsayin kilomita 105 zuwa 110, akwai kogin lantarki mai faɗin kusan kilomita 600 da ke kwarara gabas kullum da rana. An fara ganin alamarsa a tashar Huancayo ta Peru, wadda aka buɗe a 1922. Sydney Chapman ya raɗa masa suna ilektirojet a 1951, Farfesa Cyril Onwumechili kuma ya yi shekaru yana awonsa daga Ibadan tun cikin shekarun 1950. Burina yaran nan su ga motsinsa da idonsu a bangon ɗakin ajiya.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Mako biyu, takarda goma, ɗigon bai yi abin a zo a gani ba. Sai ya ɗan gusa kamar tururuwa, ya dawo inda yake.

Daren jiya na zauna da biro da takarda na gano inda gizo ke saƙar. Lantarkin da ke tafiya gabas a saman kanka, ƙarfin maganaɗisun da yake haifarwa a ƙasa arewa yake fuskanta. Allura kuwa da ma arewa take kallo. Ashe kogin ba ya juya ta, ƙara riƙe ta kawai yake yi. Kwalba mai zare ɗaya ta dace da ƙasashen da ke can ƙuryar arewa, inda lantarkin sama ke fizgar allura hagu da dama. A nan ƙarfi ne ke canzawa, alƙibla tana nan daram.

Maganin tsoho ne, Carl Friedrich Gauss ya fito da shi a Göttingen ta Jamus tun 1837. A rataye sandan da zare biyu a jere, a riƙa murɗa murfin a hankali har sandan ya kwanta gabas da yamma. Daga nan ya shiga tsakanin masu ja biyu: zare na neman warwarewa, maganaɗisun duniya na neman komar da shi arewa. Duk wanda ya ɗan rinjayi ɗan'uwansa, madubi zai tona. Na yi lissafi, ƙarin nanotesla 100 a kan 33,000 ya kamata ya gusar da ɗigon wajen santimita 2 a bangonmu. Wannan ko makaho ya shafa alamomin fensir zai gane.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ranar Talata ina tsakiyar darasi wata ɗaliba ta leƙo ta taga tana haki: "Malam, ya tashi!" Na baro allo na bi ta. Tun wajen ƙarfe takwas alamomin fensir ke hawa ɗaya bayan ɗaya kamar matakala, suka kai ƙololuwa kafin sha biyu, suka juyo. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Sai dai da azahar ɗigon ya wuce inda ya faro da safe, ya ci gaba da zurarewa har wajen ƙarfe uku, kuma kullum haka. Kogin sama ba ya bin wannan lokaci. Zafin ɗaki ne ke binsa. Maganaɗisun niyodimiyam, irin wanda na rataye, na rasa kusan kashi 0.12 cikin 100 na ƙarfinsa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, kuma a na'urarmu wannan daidai yake da a ce maganaɗisun duniya ya ragu da nanotesla 40. Digiri uku sun isa su haɗiye kogin gaba ɗaya. Ga rufin kwano, ga hunturu mai sanyin asuba da zafin rana.

Ina tsaye ina juya ma'aunin zafi a hannu, Baba mai gadi ya tambaye ni damuwar. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Malam, in sanyin da ba ya tashi kake nema, ai ƙasa za ka tona. Ba ka ga randa ba?" Shi ya kawo tsohuwar randa daga gidansa. Muka fasa mata ƙaramar kafa a gefe don hasken leza, muka sa kwalbar ciki, muka tara mata yashi har wuya. Zurarewar azahar ta ragu ƙwarai. Na kuma yi odar ƙaramin ma'auni na lantarki, RM3100, wanda za a iya binnewa ɗungurungum.

Asabar, 9 ga Maris

Jiya na ari keken Baba na shiga da shi aji, saboda yana da tsohon dainamo a jikin taya. Na juya taya, fitila ta kama. Na tsayar, ta mutu. Maganaɗisu da waya ne ke gilma wa juna, lantarki ya fito. Na ce musu a sama ma haka ne, sai dai a can iska ce tayar, ita ce kuma wayar.

Daga wajen kilomita 90 zuwa sama, wani haske na rana mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani yana fizge ilektiron daga jikin ƙwayoyin iska, sai iskar ta zama mai ɗaukar lantarki. Ita ce ayonosfiya, wadda ke dawo da muryar rediyon gajeren zango ƙasa bayan ta tsallako teku. Duk wanda ya tashi ya ga mahaifinsa na murɗa rediyo da asuba ya yi mu'amala da ita, ko bai san sunanta ba. Zafin rana na sa iskar sama ta kumbura ta lafa kullum, kamar yadda ruwan teku ke cika yana janyewa, kuma wani kaso na wannan motsi daga ƙasa yake tasowa, daga tururin ruwa da gajimare. Iskar na tura ayon masu nauyi, wato ƙwayoyin da aka fizge wa ilektiron, suna ratsa layukan maganaɗisu, ilektiron marasa nauyi kuma layukan na riƙe da su. Wannan rabuwa ita ce lantarkin. Balfour Stewart ya yi hasashen haka a 1882, shekara arba'in da ɗoriya kafin a tabbatar akwai ayonosfiya.

Ɗalibar nan mai leƙen taga ta ɗaga hannu: "To Malam, me ya sa ya taru a kanmu?" Wannan ce tambayar da na fi so a duk zangon. A samanmu layukan maganaɗisu a kwance suke, daga kudu zuwa arewa. Turin lantarki mai fuskantar gabas, idan ya haɗu da layukan da ke kwance, sama yake ɗaga ilektiron. Ayon ba sa iya binsu, domin a wannan tsayi karo suke ta yi da iska. Sai ilektiron su taru a saman shimfiɗar, ayon su rage a ƙasanta, kuma babu hanyar zirarewa, don iskar da ke ƙasa ba ta ɗaukar lantarki, ta sama kuma ba ta barin wannan rabuwa. Tarin ya haifar da sabon turi na tsaye, wanda ya ninka na farko sau goma ko fiye, shi kuma ya kora ilektiron yamma a guje. Ilektiron na gudu yamma, lantarki na kwarara gabas ke nan. Ka matsa digiri uku ko huɗu arewa ko kudu, layukan sun karkata, tarin ya samu hanyar zubewa, kogin ya ƙare. Da faɗuwar rana ilektiron su koma jikin ayon, kogin ya ƙafe sai gobe.

Litinin, 25 ga Maris

Azumi ya kai rabi, yara sun gaji da awon yamma, na rage musu. Jiya Lahadi guguwar maganaɗisu mai ƙarfi ta auku, ba kowa a ɗakin. Da safiyar yau ɗigon ya faro ƙasa da inda ya saba, amma ban ɗauke shi hujja ba, don zare ma yana saki da kansa. Dole a samu mai awon da ba ya barci.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ma'aunin ya iso bayan Sallah. Duka allonsa bai kai akwatin ashana ba. Mun liƙa shi a ƙasan fayif na roba, muka toshe bakin, muka binne shi zurfin mita ɗaya a gonar makaranta, nesa da get da rufin kwano. Waya ta taho ta ƙarƙashin ƙasa zuwa ƙaramar kwamfuta a ɗakin ajiya, mai cin wutar sola da batir, tana rubuta awo duk daƙiƙa, dare da rana. Dunƙulen hantsi na fitowa kullum, kyakkyawa kamar tozon raƙumi, da dare kuma layin ya miƙe.

Kwana huɗu wani tsini siriri na bayyana bayan asuba, ya ɓace cikin minti ɗaya. Ranar biyar na yi sammako na tsaya a gona da agogo. Mai ruwa ne ke turo kurarsa ta bayan katanga, ƙarfen kurar na wucewa taku kaɗan daga fayif. Na gaishe shi na nuna masa tsininsa a kwamfuta, ya riƙe baki, ya ce daga gobe zai bi ta ɗaya hanyar. Na rubuta lokutan a littafi don kada wata rana wani ya ɗauke su saƙon rana.

Kwalba na nan a randarta. Ba zan cire ta ba, domin yaro ya fi yarda da ɗigon da ya bi da fensirinsa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Hukumar NOAA ta Amurka, mai lura da yanayi, ta fitar da gargaɗin guguwa mai tsanani, irin wanda rabonta da shi tun Janairun 2005. Wani gungun tabo a fuskar rana, mai lamba 3664, faɗinsa ya ninka na duniya kusan sau 16, ya amayo curin iska mai lantarki har sau da dama a jere, duk sun nufo mu. Na duba batir, na share faifan ajiya, na gaya wa iyali gobe a makaranta zan kwana.

Asabar, 11 ga Mayu

Ƙarfe shida da 'yan mintuna na yammacin jiya Juma'a, ana shirin magariba, layin ya yi tsalle sama kamar an tsikare shi. Na san me na gani. Rana kullum tana hura iska, furoton da ilektiron masu gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa. Eugene Parker ya yi hasashenta a 1958, kumbon Mariner 2 ya tabbatar da ita a 1962. Maganaɗisun duniya kan tare ta a nisan kilomita 64,000 ko makamancin haka ta ɓangaren rana. Jiya curin ya iso da gudun da ya haura 700, ya danne wannan garkuwa har ta shigo cikin da'irar taurarin ɗan adam masu kawo mana tashoshin talabijin, waɗanda ke kilomita 36,000. Idan ka matse layukan maganaɗisu, ƙarfi na ƙaruwa a ƙasa. Tsallen ke nan.

Bayan isha'i sai layin ya juya ya kama gangara. Iskar rana na ɗauke da nata maganaɗisu, wanda a ranar lafiya bai wuce nanotesla 5 ba. Jiya ɓangarensa mai fuskantar kudu ya kusa 50. Namu a goshin garkuwa arewa yake kallo, kuma idan biyun suka haɗu kai da ƙafa sai su tsinke su ƙullu da juna, ƙofa ta buɗe, kamar yadda James Dungey ya bayyana a 1961. Ƙarfin da ya shigo ya cika wani zoben lantarki da ke kewaye duniya can nesa a saman ikwaita. Shi yamma yake kwarara, don haka rage mana ƙarfi yake yi.

Wajen ƙarfe uku na dare layin ya kai ƙasan da sai da na sake ma'aunin giraf kafin ya shiga allo. Na fita na tsaya a filin makaranta na kalli arewa. Sama ba ta nuna komai ba. A daren nan mutane a Meziko da tsibiran Kanari da Namibiya suna kallon jan hasken orora, wato hasken da irin wannan guguwa ke kunnawa a sama, mu kuwa sai karnuka na haushi a nesa. Baba ya haska ni da tocila ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, Baba, zo ka gani. Ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ce, "Duk wannan, ko ganye bai motsa ba." Muka yi alwala muka jira asuba.

Asabar, 18 ga Mayu

Cibiyar Kyoto ta Japan, mai lissafin ƙarfin zoben nan, ta nuna raguwar ta haura nanotesla 400, mafi girma tun 2003. Tashoshi huɗu take amfani da su: Hermanus a Afirka ta Kudu, Kakioka a Japan, Honolulu, da San Juan. Da gangan aka zaɓe su nesa da kogin ikwaita, don kada ya gurɓata lissafi. Abin da suke gudu shi ne abin da muke nema. A Amurka manoma da dama sun tsayar da shuka a ranar, saboda GPS na taraktocinsu ya rikice.

Abin da ya fi tsaya min a rai a karatun makon nan shi ne asalin zoben. Na ɗauka duk ƙwayoyin da ke cikinsa baƙi ne daga rana. Ashe a manyan guguwa kaso mai yawa, wani lokaci mafi rinjaye, ayon ɗin oksijin ne daga ayonosfiyarmu. Guguwar na dafa iskar sama a ƙuryar arewa da ta kudu, oksijin ya bi layukan maganaɗisu ya haura, a ƙara masa ƙarfi a can bayan duniya, ya dawo ya shiga zoben. Wato gangarar da na kwana ina kallo, da iskar da muke shaƙa aka yi wani ɓangarenta. A darasina na raba su gida biyu, iskar duniya a babi ɗaya, iskar rana a wani. Wannan rabo na allo ne kawai, kuma zan gyara shi.

Kwana biyu bayan guguwar tozon hantsi ya fito a karkace, sannan ya dawo daidai a hankali, layin dare ma ya yi kwanaki yana hawowa.

Asabar, 22 ga Yuni

Ɗalibin da ya fi kowa gardama ya tare ni kafin Babbar Sallah: "Malam, an ce maganaɗisu ne ke kare iskar duniya, Mars ta rasa nata shi ya sa ta bushe. Haka ne?" Na nemi ya ba ni lokaci. Ga abin da na kai masa.

Dainamon cikin Mars, wato motsin narkakken ƙarfen da ke samar mata maganaɗisu, ya mutu kusan shekara biliyan 4 da suka wuce, sai ragowar maganaɗisu a duwatsun ɓawonta. Kumbon MAVEN, da ya fara kewaya ta a Satumbar 2014, ya auna cewa iskar rana na kwasar mata kimanin giram 100 na iska duk daƙiƙa. Gungun tabon da ya girgiza mu ma, da rana ta juya da shi, Mars ya fuskanta: ranar 20 ga Mayu motar bincike Curiosity da ke kan Mars ta auna tururin radiyeshan mafi yawa tun saukarta a 2012, MAVEN kuma ya ga orora ta lulluɓe Mars baki ɗaya, tunda babu layukan da za su tattara ta a ƙurya. Har nan maganar littafi na tafiya daidai.

Amma ga Zara, matar wata, da muke gani da magariba ko da asuba. Ba ta da dainamo ko kaɗan, ta kuma fi mu kusa da rana, duk da haka nauyin iskarta ya ninka namu sau 90. Ayonosfiyarta ce da kanta ke tare iskar rana, maganaɗisun ranar ya naɗe a jikinta kamar mayafi, ya zame mata garkuwar aro. Mars ma na da irin wannan. Ranar 26 ga Disambar 2022 iskar rana ta yi ƙaranci a wajenta har ninki 100, sai garkuwar aron da ayonosfiyar suka kumbura fiye da ninki uku. Mu masu cikakken maganaɗisu kuma ba mu tsira ba: hukumar sararin samaniya ta Turai ta ƙiyasta muna rasa kusan tan 90 na iska a kullum. Garkuwar da ke tare iskar rana, ita ce kuma tarun da ke kamo ƙarfinta daga fili mai faɗi ya juye shi a ƙuryoyi biyu, inda oksijin ke ficewa.

A ganina maganar "maganaɗisu na kare iska" rabin gaskiya ce da aka maimaita har ta zama karatu. Girman duniya da nauyin da take riƙe iska da shi na da babban rabo, Mars kuwa ƙarama ce. Duniyar Mushtari (Jupiter) ma wani labari ne daban: watanta Io na zuba mata kusan tan ɗaya na ƙwayoyi duk daƙiƙa daga duwatsu masu aman wuta, tana kuma juyawa cikin ƙasa da awa 10, don haka daga ciki ake tuƙa garkuwarta fiye da daga rana. Yaron ya saurara har ƙarshe, ya ce bai gamsu da batun Mars ba tukuna. Na ji daɗin hakan, na ba shi aikin ya haɗo hujjarsa.

Asabar, 17 ga Agusta

Ruwa ya shiga mahaɗar waya a watan jiya, mun yi asarar awon mako uku. Na sake haɗa ta a cikin kwalbar roba da aka cika da kakin kyandir.

Da na jera ranakun da suka tsira, sai na ga wasu 'yan kaɗan da layin ke nutsewa ƙasa da na dare da la'asar, alhali iskar rana na kwance lafiya, ma'aunin zafin cikin rami kuma bai motsa ba. Kogin ne ke juyawa yamma na 'yan awoyi. Gouin da Mayaud sun bayyana wannan a 1967 daga awon Addis Ababa, kuma sau da yawa daga ƙasa dalilin ke zuwa: sauyin iskar sama, har da jan da wata ke yi mata. Misali mafi girma shi ne na 15 ga Janairun 2022, da dutsen Hunga Tonga ya fashe a tekun Fasifik. Taurarin ICON da Swarm sun ga kogin ya ninka ƙarfinsa sau biyar, ya kuma juya baya na wani lokaci. Dutse ya yi aman wuta a ƙarƙashin teku, lantarkin da ke kilomita 100 a sama ya amsa.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Yau muna ɗakin ajiya da yara bayan ƙarfe ɗaya na rana, tozon ya fara sauka, sai layin ya yi wani ɗan ƙugiya sama cikin 'yan mintuna, ya lafa kafin awa ta cika. Na leƙa bayan katanga, ba kura, ba babur. Da yamma na duba: walƙiyar rana mai daraja X9 (X shi ne ajin mafi ƙarfi) ta tashi da ƙarfe 1:18 agogonmu, mafi girma da aka gani daga duniya a wannan zagayen hawa da saukar tabon rana zuwa yau, kuma ta toshe gajeren zango a saman Afirka. Wannan ba iskar rana ba ce, ita sai ta yi kwanaki a hanya. Haske ne, minti 8 ya iso, ya ƙara yawan ilektiron a sama, kogin da ke gudana ya samu ƙarin ruwa nan take. Yaran sun ga faruwarsa a gabansu, ɗaya har da kabbara.

Asabar, 12 ga Oktoba

Guguwa ta biyu ta iso shekaranjiya Alhamis da la'asar, wajen huɗu da kwata. Tsalle, sannan gangara cikin dare; a lissafin Kyoto ta haura 300. Wannan karon da sauran rana sosai lokacin da ta iso, don haka kogin da zoben da matsin garkuwa duk suka cakuɗe a layi ɗaya. Hanyar da masana ke raba su ita ce a samu tasha ta biyu a kan layin agogo ɗaya, amma wajen kogin, a debe awonta daga namu. Zoben na nesa, kusan iri ɗaya yake taɓa tashoshin biyu, sai ya fita a lissafi, kogin ya rage shi kaɗai. Na gwada da awon tashar Tamanrasset ta Aljeriya. Ya taimaka, amma tana wajen digiri 23 arewa, ta yi nisa, nata tozon na rana daban ne.

Asabar, 28 ga Disamba

Ranar 24 ga wata kumbon Parker ya ratsa kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana, kusancin da wani abin hannun ɗan adam bai taɓa yi ba, kuma ya aiko da alamar yana lafiya. Na karanta wa ɗaliban labarin a ƙarƙashin darbejiya, duk da hutu ake, don su huɗun sun zo tonon rami.

Ma'auni na biyu ya iso. Agadas za shi, wajen wani abokin karatuna da ke koyarwa a can: digiri 17 arewa, kusan a kan layin agogo ɗaya da Zariya, kilomita 600 da wani abu daga nan, ya fita daga ƙarƙashin kogin amma bai yi nisan Tamanrasset ba. Kafin ya tafi mun binne shi taku biyar daga na farko, za su yi mako biyu tare don mu ga bambancin da ke tsakaninsu a wuri ɗaya, mu kuma daidaita agogonsu da GPS. Na rubuta wa abokina ya nemo wuri nesa da get da hanyar kura, ya tanadi fayif mai tsawon mita ɗaya da rabi da kakin kyandir. Ranar 11 ga Janairu za mu tono shi.